Ƙafar Yaya Habu da Bakin 'Yan Dubiya

Yayana Habu yana raye, alhamdu lillahi. Da wannan na fara don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ce ban san godiya ba. Na gode wa Allah, na gode wa likitan da ya yi aikinsa, na gode wa wasu mutane ƙalilan da zan ambata a gaba. Sauran kuwa, waɗanda suka cika mana tabarma da sunan dubiya, ba don in gode masu na zauna rubutu ba. Na rubuta ne domin duk wanda Allah Ya ɗora wa jinyar ɗan'uwa ya san cewa ciwo biyu zai yi fama da su: wanda ke jikin majinyaci, da wanda ke shigowa da sallama.

Sunana Sale, dillalin shanu ne ni a Kankiya. Ban gaji sana'ar nan ba, da riƙe wa mutane igiyar awaki a bakin kara, wato kasuwar dabbobi, na fara, har Allah Ya sa yau nake sayar da nawa. Yaya Habu shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Manomi ne a Bauranya, can ƙasar Kusada, irin mutanen da ba su san kwanciya don ciwon kai ba.

Alamun sun daɗe a gabanmu, mu ne muka raina su. Yawan shan ruwa, yawan fita fitsari, rigunansa suka fara yi masa yawa. Matarsa Hansai ta taɓa cewa kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, aka yi dariya aka wuce. Kowa ya ce girma ne. Sai lokacin girbin dawa ya taka kututturen kara, ya shige shi ƙarƙashin yatsun ƙafar hagu, kuma bai ji komai ba. Sai da ya zo alwala Hansai ta ga jini ya bushe a tafin ƙafarsa. Duk wanda ya ga nasa ya ji rauni bai ji zafi ba, kada ya ce jarumta ce. Ciwo ne.

Makon farko aka yi ta gasa wurin da ruwan gishiri, ana fasa kafso ana barbaɗa masa. Da sati ya zagayo ƙafar ta kumbura, mai kemis ya zo ya yi allura ya tafi. Ni ina can ina yawon kasuwanni, in na kira a ce mini da sauƙi. A mako na uku na je da kaina. Tun daga bakin ɗaki na ji warin. Na san shi, warin kofaton saniya ne in ya ruɓe daga ciki. Yatsu biyu sun yi baƙi. Ban tsaya shawara da kowa ba, na sa shi a mota.

A Kankiya aka gwada jininsa aka ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Suka ce ƙafar ta fi ƙarfinsu, mu wuce Katsina. Can muka sha layi. Layin kati daban, na gwaji daban, na biyan kuɗi daban, kowane kuma sai ka kai gaba a ce maka ba nan ba ne. Yaya yana zaune kan benci tun hantsi har la'asar, ƙafa cikin tsumma, mutanen da ke gefensa suna ta matsawa. Amma da muka shiga, mun sami likita mai magana a fili. Ya danna yatsun, ya dubi Yaya ya ce:

"Baba, waɗannan biyun sun riga sun mutu. Naman da ya mutu ba ya dawowa, kuma ba ya zama shi kaɗai, na kusa da shi yake ja. Za mu sauko da sugan, mu cire yatsun. Ƙafarka za ta tsira, za ka koma gonarka."

Yaya ya ce, "In dai zan taka ƙasa, a cire." Da kunnena na ji. Aka ba mu gado, aka ce mako mai zuwa za a yi aikin. Ya ci tuwo a ranar, har ya tambaye ni ko an kwashe masa dawarsa daga gona.

Sai dubiya ta fara.

Ba ni da faɗa da dubiya. Addini ya yi umarni da ita, kuma mara lafiyar da ba a leƙa shi ba ya kan ji kamar an binne shi da rai. Amma mu a wajenmu dubiya ta zama wani abu daban. Mota guda ake cikawa daga ƙauye, a zo a zagaye gado, a gaisa, a ce ya jiki, sannan a gyara zama. Daga nan kowa sai ya jawo labarin wani da ya yi irin wannan ciwo. Kuma ban taɓa jin an jawo labarin wanda ya warke ba.

Shugabansu shi ne Ɗanjuma, ɗan Goggo Delu ƙanwar mahaifinmu. Taubashinmu ke nan, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai: duk abin da ya faɗa wasa ne, ba ka da ikon yin fushi. Sa'an Yaya ne, tare suka yi kiwo suna yara, kuma Yaya na jin maganarsa fiye da tawa. Ya shigo yana tafa hannu.

"Ubangidana! Kai ne nan kwance kamar buhun da aka zazzage? An ce rage ka za su yi?"

Yaya ya yi murmushi ya ce, "Yatsu biyu ne kawai, bawan banza."

"Yatsu biyu! To Allah Shi kyauta. Ka tuna Ila mai tireda na Ƙofa? Shi ma da yatsa aka fara. Da suka ga bai mutu ba suka hau gwiwa. Da suka ga har yanzu shina numfashi suka hau cinya. Wallahi kashi-kashi aka maido shi gida. Su waɗanga in suka fara yanka ba su tsayawa."

Aka yi dariya, har da wasu daga gadajen kusa. Yaya ma ya yi, amma na ga hannunsa ya sauka kan cinyarsa ya riƙe. Goggo Delu ta gyara mayafi ta ɗora nata:

"Ni tun farko na ce wanga ba ciwon asibiti ba ne. Daji ne. Daji kuwa ba ya son ƙarfe. Allura ma fusata shi take, balle wuƙa."

Abin da na fara yi shi ne gardama, domin ita ce sana'ata. Na ce Ila sai da ƙafarsa ta gama ruɓewa aka kai shi. Ɗanjuma ya ce, "To Tanko na Mawashi fa? Shi da ƙafafunshi ya shiga." Na ce Tanko hawan jini ya kashe shi. Ya ce, "To matar Sarkin Aska fa?" Duk amsar da na ba shi sai ya ciro mini wata gawa. A nan na gane mai mugun fata ba ya rasa gawa, a aljihu yake yawo da su. Kuma duk wannan musu a kan Yaya ake yin sa, yana kwance yana saurare. Ni da nake ganin kare shi nake yi, ashe taya su nake, domin kowace amsa tawa ƙarin suna ɗaya ce a jerin matattun da zai kwana da su.

A kara na saba da masu kushe kaya. Mutum zai zagaya bajimi ya ce ƙahonsa ya karkace, bayansa ya faɗa, wannan ba zai kai sallah ba. Ba na jin haushinsa, na san so yake ya saya, farashi yake son karyawa. Shi akwai inda za mu haɗu. Amma waɗannan babu abin da suka zo saye. Abin da suke so kawai, in abu ya ɓaci a tuna cewa su suka fara faɗa.

Washegari Yaya bai ci abinci ba. Da Ɗanjuma ya sake zuwa na ja shi waje, bayan ɗakin majinyata, na roƙe shi da girman zumunci. Na ce, "Yaya Ɗanjuma, don Allah in ka shiga ka gaishe shi ka yi masa addu'a, ka bar labarin matattu."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Haba Sale, yaushe ka girma? Ni da Habu tun ba a haife ka ba muke wasanmu. Kuma mi na faɗa wanda ba gaskiya ba? Ƙarya kake so in yi mashi?"

Ya shiga ya gaya wa Yaya cewa ƙanensa ya ce kada a faɗa masa gaskiya. Ka ga roƙo ma ya zama makami a hannunsa.

Daga nan na rufe ƙofa. Na ce wa mutane likita ya hana dubiya. Ba likita ba ne, ni ne. Sai suka koma waya. Hansai ce ke riƙe da ita, ita kuwa ba ta iya ƙin miƙa wa mijinta kiran ɗan'uwansa. Saƙon murya ya riƙa shigowa, wannan ya ce ya yi mugun mafarki, wancan ya ce ya san wani da aka sa wa maganin barci bai farka ba. Labari kuma ya kai wa Yaya cewa ni na tare hanya. Ban taɓa ganin ya ɗaga mini murya irin ta ranar ba.

"Ka kori 'yan'uwana? So kake in mutu cikin baƙi, babu mai cewa in yi kalmar shahada?"

Ranar ce ya fara ambaton mutuwa da bakinsa. Mutumin da ya shigo yana tambayar dawarsa.

Ana saura kaɗan a yi aikin, dole ta sa na tafi kasuwar Caranci, domin magani da gwaji sun cinye abin da ke hannuna. Na dawo da yamma na tarar da gado babu kowa, an ma cire zanin. Wata ma'aikaciyar jinya, wadda ita ke wanke masa ƙafar safe da yamma ba ta taɓa yamutsa fuska ba, ta ce mini:

"Wani ɗan'uwanku ya zo da mota. Mun yi, mun yi, likita ma ya zo da kansa. Baba ya ce ƙafarsa ce, a bar shi ya tafi da abarsa."

Ba sai an faɗa mini ba, Ɗanjuma ne. Allah Ya saka wa matar nan da alheri, idonta ya fi na wasu danginmu nuna damuwa.

A Bauranya Goggo ta kawo mai maganin daji daga wani ƙauye. Aka daina allurar suga, tunda ƙarfe ce. Aka shiga shafe-shafe da hayaƙi da jiƙe-jiƙe, har da wani da ake haɗawa da zuma, ga mai ciwon suga. Na yi magana, Yaya ya juya mini baya. Ba zan iya ɗaukar wanda ya rene ni in ɗaure shi a mota kamar tunkiya ba. Sai na riƙa zuwa ina dawowa, ina kallon baƙin yana hawa. Makon farko ya cinye sauran yatsun. Na biyu ya kama tafin ƙafa. Zazzaɓi ya shigo, yana rawar sanyi da tsakar rana.

Aka fito da shi zaure don iska. A nan na lura da wani abu. Tabarmar 'yan dubiya da farko a gefen shimfiɗarsa take. Da wari ya ƙaru ta koma bakin zaure. Daga baya ta koma gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gida. Nesa ta ƙaru, amma muryoyi ba su ragu ba, kuma duk abin da aka faɗa a gindin bedin nan yana shiga zaure. Hansai kaɗai ke wankin ƙafar. In ta gama sai ta zaga bayan rumbu ta yi amai, ta wanke baki ta dawo ta ɗora tukunyar abincin baƙi.

Mutum ɗaya ne dubiyarsa ke yi wa Yaya amfani, wato Buba, Bafulatanin da ke yi masa kiwon 'yan shanunsa. Shi zai shigo har ciki, ya ajiye ƙwaryar nono, ya ce, "Sannu Habu, Allah ba da lafiya." Sai ya ce saniyar nan mai farin goshi ta kusa haihuwa, ko ya ce ruwan rafi ya ja baya. Ba ya daɗewa. In ya fita Yaya kan nemi a ba shi wani abu ya sa a ciki. Bai taɓa faɗin ra'ayinsa a kan ƙafar ba, sai ranar da na tambaye shi a waje, ya ce, "Sale, ni dai in dabba ce da ban bar ta haka ba."

Wata rana bayan la'asar na iso na tarar majalisa ta cika. Ban kai ga yin sallama ba na ji Ɗanjuma yana cewa:

"Ai allurar da suka yi mashi can ita ta fusata shi. Yanzu kam sai addu'a. Ni in za a bi tawa, a fara kiran ɗiyanshi mata da ke nesa, su zo su yi bankwana."

Na tsaya cik. Ashe shi maganin gidan ma bai yarda da shi ba. Asibiti mutuwa, gida mutuwa. Ya ɗauko mutum daga gadon asibiti ba don yana da wata hanya ba. Babu abin da ya yarda da shi sai mutuwar.

Daidai lokacin Hansai ta fito daga cikin gida da robar ruwan ɗumi da tsummoki, idanunta a kumbure. Na karɓi robar daga hannunta. Maimakon in shiga zaure, sai na nufi gindin bedi na dire ta a gaban Ɗanjuma, har ruwan ya fallatsar masa a riga.

Ya ce, "Mi ye haka? Wankan jego za ka yi mani?"

Wasu suka fara dariya. Na ce, "Tashi. Akwai masu wanke masa ƙafar nan safe da yamma, kai ka ɗauko shi daga hannunsu. Ka ce gida. To ga gida. Yau kai za ka wanke."

"Kai yaro, wasa da taubashi ai da baki ake yi."

"Na gaji da baki." Na juya ga sauran. "Ku ma ku ji. Daga yau duk mai magana a kan ƙafar nan sai ya wanke ta tukuna. Wanda ya wanke ya ce a bar shi a gida, wallahi na yarda da shi, ba zan ƙara cewa asibiti ba."

Na kama hannun rigarsa na ja shi. Ya biyo ni yana dariyar yaƙe, don kada a ce ya ji tsoro. Wasu suka taso suka tsaya a bakin zaure. Na durƙusa na kwance tsumman. Rabon da wani cikinsu ya ga ƙafar a buɗe tun tana yatsu biyu. Yanzu ta yi baƙi har idon sawu, fatar ta saɓule, tana zubar da ruwa, ƙudaje suka taso gaba ɗaya. Na miƙa masa tsumma na ce, "Bismillah."

Bai karɓa ba. Ya toshe baki da hularsa ya fita da gudu, muna jin kakarinsa a jikin katanga. Na bakin zaure suka ja baya. Wannan ya tuna bai ɗaure jakinsa ba, wancan ya ce magariba ta kusa, alhali rana na sama. Goggo Delu ta rufe hanci da mayafi tana cewa, "Sale ba ka da kunya, ba ka da ta ido," tana faɗa tana tafiya. Buba ne ya shigo ya durƙusa ya tallabe ƙafar a hannunsa, ni kuma na wanke.

Yaya yana kwance har muka gama. Kansa na juye wajen ƙofa, yana kallon tabarmar da ke gindin bedi. Can ya ce:

"Sale."

"Na'am, Yaya."

"Duk sun tahi?"

"Sun tafi."

Ya rufe ido. "Nemo mota."

Likitan nan dai muka sake samu. Ya buɗe, ya duba. Bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Wancan karon yatsu biyu na roƙe ku. Yau babu abin roƙo. Ko ƙafar, ko shi." Ƙasan gwiwa za a yanke, kuma ba za a jira mako ba. Yaya ya ce a yi.

Aka ce jininsa ya yi ƙasa, a kawo masu bayarwa. Na ɗauki waya na bi 'yan majalisar bedi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce yana azumin nafila. Wancan ya ce shi ma jiri yake ji kwanan nan. Ɗanjuma ya ce, "Ni da jinina bai ishe ni ba?" Buba ne ya bayar, da wasu abokan dillancina daga kara waɗanda ba su taɓa ganin Yaya ba. Bajimin da nake turke da shi don sallah na sayar ba a lokacinsa ba, dillali ya sayar da nasa a faɗuwa. Yawancin magunguna a waje muka saya, ni kuma a barandar asibiti na yi ta kwana tare da sauran masu jinya, kowa da tabarmarsa da butarsa. Ba na nadamar ko ɗaya, amma na san da an yi aikin farko da bajimina na nan, da ƙafar yayana na nan.

Aka yi aiki lafiya. Ya farka.

A wannan zama na biyu ban hana kowa shiga ba, na riga na ga abin da hanawa ke jawowa. Wayar dai na karɓe daga hannun Hansai, duk mai son Yaya ya biyo ta kaina. Wanda ya zo kuwa, in tarbe shi da fara'a, in ba shi aiki. Kai riƙe mana layin karɓar magani. Kai taya ni juya shi. Ke karɓi fo ɗin nan ki zubar, Hansai ta ɗan runtsa. Masu zuwa don Allah suka yi ba tare da ɓata rai ba, kuma an samu irinsu, har cikin waɗanda ban zata ba. Masu zuwa don baki kuwa, zuwa ɗaya suka yi. In wani ya gyara zama ya ce, "Ai haka aka yi wa wane," ba na musu da shi kuma. Sai in ce, "Allah Ya jiƙansa. Taso mu je ka taya ni ɗauko ruwa." Mu fita, in raka shi har bakin titi. Babu gardama, babu roƙo. Mai mugun fata ba a kayar da shi da hujja, domin ba hujja ta kawo shi ba. Ko dai ka ɗora masa nauyi a hannu, ko ka nesanta bakinsa da kunnen majinyacinka. Kuma kada ka jira sai ka ga alama, tun ranar farko za ka yi.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Akwai ranar da Yaya ya ce wa Hansai ta sosa masa ɗan yatsan ƙafar hagu, yana yi masa ƙaiƙayi. Ta kai hannu, sai zani. Dukansu biyu suka yi kuka, ni na fita. Likita ya ce haka abin yake, jiki kan daɗe bai yarda ba. Aka koya masa allurar suga da kansa, aka hana shi fura mai zaƙi da shayin safe da ya saba, aka ce ya yawaita ganye. Ya yi ta faɗa da sandunan da aka ba shi, ya faɗi, ya tashi, ya zage su, ya sake ɗauka. Da aka sallame mu gidana na kawo shi a Kankiya, sai da dungulmin ya warke sarai na mai da shi Bauranya. Da damina ta faɗi, a bayan babur aka riƙa kai shi gona, ya zauna a inuwa yana nuna wa 'yan ƙwadago inda suka bar ciyawa.

Shi kuwa Ɗanjuma, ko kun san abin da yake faɗa a gari? A wurin ɗaurin aure, a wurin suna, a bakin masallaci: "Ban faɗa ba? Na ce in suka fara yanka ba su tsayawa. Yatsu biyu suka ce, ga shi nan har gwiwa." Kuma akwai masu gyaɗa kai. Wannan ya fi komai ci mini rai. Shi ya jawo abin da hannunsa, sannan ya ɗauke shi ya rataya a wuya kamar lambar yabo.

Cika-ciki ya faɗo mana a tsakiyar damina. Na je Bauranya da 'yar tsaraba, ciki har da takalmin da Yaya ya ce in sayo masa, don ya fara zuwa masallacin Juma'a. Na yi da mai takalmin ya sayar mini da ƙafa ɗaya, ya ce shi wa zai sayar wa ɗayar? Duk dillancina dole na biya biyu. Muna zaune a zaure Yaya ya sa na dama, ya ce ya yi daidai. Na hagu yana cikin leda a gefena.

Sai ga sallamar Ɗanjuma. Ranar ce ɗan mace ke bin 'ya'yan kawunsa yana karɓar kuɗin shara, kuma shi bai taɓa fashi ba. Ya shigo da wasu mutum biyu a bayansa, yana tafa hannu kamar babu abin da ya taɓa faruwa.

"Iyayen gidana! Bawa ya zo. A fito mani da kuɗin sharata, kuma bana ba ni son canji."

Na ɗauki ledar na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Ga naka na bana."

Ya karɓa yana murna, yana cewa ashe dillali ya fara hankali. Ya zura hannu ya ciro takalmin. Ya juya shi, ya leƙa cikin ledar yana neman ɗayan. Sai idonsa ya sauka a ƙafar Yaya ta dama, daga nan ya koma inda wandon ke naɗe an soke shi da fil. Na jira in ji wasan da zai yi. Mutanen da ya zo da su suka sunkuyar da kai.

Ya fara cewa, "Haba Sale..."

Yaya ne ya katse shi, a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Riƙe abinka, Ɗanjuma. Sabo ne. Ba a taɓa sa shi ba."